Gwaggo, Wadda Ta Koya Mana Tambaya

Takalma na fara gani. Da na sauka daga kwale-kwalen Wara na hau gangaren tungarmu ta masunta, tun kafin in ji kukan kowa, idona ya faɗa kan takalman da aka jibge a ƙofar gidan Gwaggo. Na san yadda ƙofar gidan makokin tsohuwa take, 'yan silifas masu cinyayyen dunduniya da sanduna jingine da bango. Nan kuwa kambas ne, da takalman roba na masunta waɗanda laka ba ta gama bushewa a jikinsu ba, da sandal na 'yan makaranta, har sun tare hanyar shiga. Sai a lokacin na yarda da abin da Inna ta faɗa mini a waya. Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu ranar Talata da hantsi, bayan jinyar kwana tara.

A ciki kowa da irin juyayinsa. Tsofaffin mata suna jan carbi. Maƙwabciyarmu Bakambara, wadda Kirista ce, ta zauna gefen turmi tana rera waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa, ba wanda ya hana ta. Samari sun cika gindin mangwaro sun yi tsit, su da ba sa iya rufe baki ko a masallaci. A zaure na ji wani dattijo, abokin Baba, yana cewa, "Ta lalata muna ɗiya da tambaya, amma Allah shi jiƙanta." Aka amsa da amin, wasu suna danne murmushi.

Wata budurwa da ban gane ba ta kama gefen hijabina. Idonta ya kumbura.

"Anti, zaɓe na tahe," in ji ta. "Wa za shi riƙe mu?"

Ni ma tambayar da na tsallako ruwa da ita ke nan. Na zauna rubuta wannan ne don tsoron kada shekara biyu ta wuce a ce wata tsohuwar malama ce kawai ta rasu a wata tunga.

An haifi Gwaggo a tsohon garinmu, wanda yanzu yake ƙarƙashin tafkin Kainji. Tana yarinya aka tashe su. Ba ta cika ba da labarin ba, sai dai takan ce, "An ɗauke mu kamar tukwane. An ɗora mu, an sauke mu, ba wanda ya ce mi kuke so." Duk lokacin da kwale-kwale ya ratsa ta saman wurin sai ta katse hira ta yi wa kaburburan da ke ƙasa sallama. Muna yara abin yana ba mu tsoro, mukan janye hannu daga ruwa.

Da ta bar koyarwa a firamare sai ta fara tara matasa kowace Asabar bayan la'asar, a gindin mangwaron da ake gyaran taru. Mutane suka sa wa wurin suna makarantar surutu. Ba lokacin tara yara ba ne. Ba a daɗe da kwashe ɗalibai a Birnin Yauri ba, iyaye ba sa son ganin 'ya'yansu sun haura biyar a wuri guda. Ga jirage suna nitsewa da mutane a hanyar kasuwa. Ga yaran 'yan siyasa suna zagayawa suna ɗibar samari, a ba su ƙwaya da gora. Gwaggo ta ce saboda haka ne ma za a taru. Ta haɗa 'ya'yan masunta da na manoma, Musulmi da Kirista, maza a dama mata a hagu, ita a tsakiya a kan kujerar tsuguno. Ita ta cika kwale-kwale da mu ta kai mu Wara muka yi rajistar zaɓe, ta tsaya a rana har na ƙarshenmu ya dangwala yatsa.

Ni da littafi ta kama ni. Ina da shekara goma sha bakwai, ba abin da ke kaina sai littattafan soyayya da nake sayowa a kasuwar Yauri. Ta same ni bayan rumbu ina sharar hawaye.

"Wa ya mutu a littahin?"

"Ba kowa, Gwaggo. Rabuwa suka yi."

"To taho ki karanta muna, mu ma mu yi kukan."

Ta tsayar da ni gaban kowa, ta ce in ɗaga murya har mai ɗinkin taru na can ƙarshe ya ji. Asabar uku ina karanta musu soyayya suna tafi. A ta huɗu ta zare littafin daga hannuna, ta miƙo mini takardar da ta rubuta ayyukan kansila a ciki. "Da muryar nan da kika karanta rabuwa," in ji ta.

Gaskiya ba don kansila nake zuwa ba. Don ɗanta na fari nake zuwa, taubashina, matuƙin kwale-kwale mai inji. Dogo ne, yana da wushirya, ni kuwa na riga na sa fuskarsa a kan duk jarumin da na karanta. Shi bai sani ba. In ya gan ni sai ya ce, "Matar littahi, yau wa ya sace zuciyar wa?" Ni kuma in ce, "Bawana, je ka wanke ƙarnin kihi kahin ka yi magana da mutane." Gwaggo ba ta kama sunansa, kamar yadda uwa ba ta kama sunan ɗan fari. "Wancan" take cewa, ko "mai jirgin nan". Ko kallonsa ba ta yi a cikin mutane.

Shi ne kullum yake zama ɗan takara in za mu gwada. Ya kifa kwando a ka a matsayin hula, ya hau turmi, ya tura ciki, duk abin da aka tambaye shi ya ce, "Za mu yi, za mu yi." Mu yi ta dariya har Gwaggo ta buga sanda a ƙasa.

"Kun ƙyale shi ya tsere! Ku ce mishi yaushe. Wanda ya ce za ya yi bai ce komi ba, sai ya faɗi rana."

Dokokinta kaɗan ne. A fara da gaisuwa. Ba nuni da yatsa. Tambayar da ba ta shiga numfashi guda ba, wa'azi ce, a rage ta.

Amma akwai al'adar da ta tsaya mana a gaba. A wurinmu, baƙon da ya tsallako ruwa ba a yi masa tambaya sai ya ci abinci. Kakanninmu sun ce wanda ya haye ruwa da ransa ya tsira, a bar hankalinsa ya dawo jikinsa tukuna. 'Yan takara sun gano wannan. Sukan sauka a bakin gaɓa, su ɗaga hannu, su yi jawabi, su ce suna sauri, ko ruwa ba za su kurɓa ba. Su tafi su bar tuwo yana hucewa, dattawa kuma ba mai iya buɗe baki.

A wata shekarar zaɓe mun shirya tambayoyi uku da za mu yi wa wani ɗan takara. Yaushe za a kawo rigunan ruwa na fasinja. Yaushe za a cire kututturan itatuwan da ke ɓoye a hanyar Wara suna fasa jirage. Yaushe za a ba mu rumfar zaɓe a tungarmu, don mata su daina tsallake ruwa da goyo. Aka zaɓe ni in karanta.

Ranar da ɗan takarar zai zo, muka je Wara tarbarsa da safe, ni da Gwaggo da dattawa biyu, taubashina yana tuƙi. Baƙon ya shigo da babbar riga fara, da wani mai riƙe masa waya, da masu tsaronsa biyu da bindigogi. Ina zaune ina satar kallon matuƙi, iska tana kaɗa rigarsa, ina raya cewa bayan na yi karatuna zai dube ni da wani ido. Sai muka ji baƙon yana ce wa yaronsa, "Minti goma za mu yi. Ba cin komai." Na ga taubashina ya ji. Na ga ya cije leɓe.

Muna tsakiyar tafki, daidai saman tsohon gari, ya kashe injin.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Sai ƙarar ruwa yana lasar katako. A wurin masunta, a kan ruwa maganar matuƙi ce gaba da ta kowa, ko hakimi ya ɗauko. Da wannan ya dogara. Ya yi murmushinsa na gindin mangwaro ya ce, "Ranka shi daɗe, tunda ba ka haye ba tukuna, ba ka zama baƙonmu ba. Ƙanwata na da tambaya ukku."

Abin da ya manta, duk wanda ya tashi a bakin ruwa ya san shi. In inji ya mutu a tsakiyar tafki, kowane masunci da ya ji sai ya saki abin da yake yi ya nufo wurin, ba sai an kira shi ba. Kafin in buɗe takardata, ƙananan kwale-kwale sun fara fitowa daga kowane gefe, biyu, huɗu, shida, maza ba riga suna tuƙi da ƙarfi. Mu mun san taimako suke kawowa. Baƙinmu kuwa, a wannan zamani na satar mutane, abin da suka gani daban ne.

Ɗaya daga cikin masu tsaron ya miƙe tsaye. Ba a tsayuwa a kwale-kwale. Jirgin ya karkata, ruwa ya kwararo ya jiƙa mu har gwiwa. Ɗan takarar ya rungume katakon da yake zaune a kai yana salati. Na ji ƙarar bindiga da aka ɗana, na ga bakinta a wuyan taubashina.

"Su wa ka kira? Su waye waɗancan? Yi magana!"

Murmushin yana nan a fuskar taubashina, ya kasa sauke shi. A littattafaina, a irin wannan wuri budurwa takan faɗa tsakani. Ni kuwa ina zaune inda nake. Takardar ta dagargaje a tafin hannuna. Abin da kawai nake tunawa shi ne akwai kaburbura a ƙarƙashinmu.

Sai Gwaggo ta kira sunansa. Sunansa na yanka, da ƙarfi, a gaban dattawa. Tunda nake ban taɓa jin sunan a bakinta ba, ina jin shi ma haka, domin ya waigo kamar wanda aka mara.

"Ɗora hannunka bisa kai, kada ka motsa."

Ta zare mayafinta tana zaune, ta shiga kaɗa wa masuntan, da muryar da ta yi shekaru tana tsawata wa 'yan aji. "Ku koma! Lahiya lau! Don Allah ku koma!" Suka tsaya cak, filafilansu a sama, suna mamaki. Sannan ta juya ga mai bindigar, ta sassauta murya.

"Ɗana, zamna. In ka harbe shi, kai za ka tuƙa mu? Kututture ne ko'ina ƙarƙashinmu, shi kaɗai ya san hanya. Zamna, don darajar mahaihiyarka."

Ga ɗan takarar kuma ta ce, "Ɗana ne, ni na haihe shi. Ba ɓarawo ba ne. Ni na koya mishi tambaya, ban koya mishi wurin yinta ba. Laihin nawa ne."

Mai tsaron ya zauna a hankali, amma bai sauke bindigar ba. Aka ce a tada inji. Taubashina ya ja igiya sau ɗaya, shiru. Sau biyu, shiru. A na uku ya kama. Ba tungarmu muka nufa ba, Wara muka koma, kuma a bakin gaɓa aka ɗaure masa hannu aka jefa shi a mota.

Da yammar ranar Baba ya same ta a tsakar gida. Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba sai ran nan.

"Yaya, kin kusa kashe min ɗiya!"

"Na kusa kashe nawa ma."

"Talaka da tambaya, mi ya haɗa su? Ubanmu da aka tashe shi daga garinshi, ya tambayi wani?"

"Bai tambaya ba," in ji Gwaggo. "Ka ga inda gidanshi yake yanzu."

Baba ya hana ni zuwa, sauran iyaye ma suka janye nasu. Asabar ta zagayo, na leƙa ta ramin zana, na gan ta ita kaɗai a kan kujerarta a gindin mangwaro har aka kira magariba. Labari kuma ya iso cewa yunƙurin satar mutum za a rubuta wa taubashina. Kowa ya san wanda aka rubuta wa wannan a kwanakin nan, ba a sa ranar dawowarsa. Matar da za ta wuce ƙofar Gwaggo sai ta sauya hanya.

Kwana goma sha biyu da kama shi, ta shigo gidanmu da sassafe. Ta rame. Ta ce wa ƙanenta, "Ara min ɗiyarka wuni guda." Baba ya sunkuyar da kai. Inna ce ta ɗauko hijabina ta jefo mini. "Tahi," in ji ta, ba ta dubi Baba ba.

Gida-gida Gwaggo ta bi. Waɗanda suka fito ba su kai rabinmu ba, kowa da katin zaɓensa. Muka haye zuwa Wara, muka shiga mota zuwa Yauri, ƙofar gidan ɗan takarar. Ba allo, ba waƙa. Ta ce wanda ya san zai yi ihu ya koma tun yanzu. Muka zauna a jere a jikin katanga, katunanmu a cinya. Mai gadi ya kore mu sau uku. Wata mota cike da samari masu gora ta tsaya tsallaken titi, suna kallonmu suna dariya. Yarinyar da ke kusa da ni tana ta addu'a da yarensu.

Bayan azahar aka fito mana da shinkafa a manyan faranti. Wani saurayi ya ce shi ba zai ci abincin wanda ya ɗaure ɗan'uwansa ba. Gwaggo ta harare shi.

"Ci. Baƙon da ya ƙi abinci shi ne wanda ya taho da mugun nufi."

Ta faɗa da ƙarfi yadda na cikin gida za su ji. Muka ci. Ba a daɗe ba mai gidan ya fito ya tsaya a bakin ƙofa. Na ɗauka Gwaggo za ta yi magana, ɗanta ne. Sai na ji yatsanta a bayana.

Na miƙe. Na gaishe shi. Na faɗi tambayoyin nan uku da ka, sannan na ƙara wadda ba a rubuta ba. Na ce yayanmu ya yi kuskure, mun yarda, amma tambaya ya so yi, yaushe za a sako shi.

"Za a duba," in ji shi, ya fara juyawa.

"Yaushe, ranka shi daɗe?"

Ban san ta fito ba sai da na ji ta. Mai gadi ya ce, "Ke!" Samarin tsallaken titi suka daina dariya. Mutumin ya dube ni, ya dubi katunan da ke cinyoyinmu, ya dubi farantan da muka share. Ya daɗe yana kallon Gwaggo, wadda ta ga yadda ya rungume katako a kan ruwa kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

"Jumma'a," in ji shi.

Ba wannan Jumma'ar aka sako shi ba, sai ta gaba. Gwaggo ba ta je bakin ruwa tarbarsa ba. Ta dafa masa miyar kifi ta aiko, ta koma kiransa "wancan". Asabar ɗin da ta biyo baya ta tsaya gabanmu ta ce ta yi kuskure, ta ƙara doka ta huɗu. "Kada ku tambayi mutum a wurin da ba ya iya tashi ya tahi. Wagga ba tambaya ba ce, ko da bakinku na murmushi." Ta kuma bi masuntan nan ɗaya bayan ɗaya ta ba su haƙuri, ta roƙe su kada abin da ya faru ya sa wata rana su ji inji ya mutu su ƙi zuwa.

Rumfar zaɓe ta zo bayan wasu shekaru. Rigunan ruwa sun zo kaɗan. Kututturan suna nan. Baba bai sake hana ni ba, kuma shi ya fi kowa kuka a makabarta ranar da aka binne ta, aka ce sai da aka riƙe shi. Allah Ka yafe wa Gwaggo, Ka yalwata mata makwanci, Ka sauƙaƙa mata tambayar kabari, Ka duba yaran da ta bari.

Taubashina ya fito daga tsare ba murmushi, ba wushirya a waje. Kusan shekara biyu bai yi magana a taro ba. Ya auri wata 'yar Shanga, na yi kukana a ɓoye, daga baya ni ma na yi aurena na bar tungar. Yanzu 'ya'yansa uku. Bana ya tsaya takarar kansila a mazaɓarmu. An yage hotunansa a Wara. Watan jiya aka wayi gari an huda masa kwale-kwale a wuri biyu. Ranar addu'ar bakwai matarsa ta ja ni ɗaki ta roƙe ni in sa baki ya janye, ta ce ni yake jin maganata.

Na same shi a bakin gaɓa da hantsi yana toshe hujin da ƙaro. Ya yi furfura a gemu, bai kai arba'in ba.

"Bawana, ba ka jin tsoro?"

"Kullum, matar littahi. Ko babur ya tsaya ƙohwar gida sai in miƙe in leƙa." Ya ci gaba da aikinsa. "Amma na riga na ba da suna. In kin koma ki sa ni addu'a."

Na ce to. Zaɓe saura wata biyu. Kullum in na idar da sallah nakan ɗaga hannu in ambace shi, sai in tsaya, domin har yau ban san abin da zan roƙa masa ba, ya ci ko ya faɗi.